Kafin a kira mutum manzo

Littafin Ayyukan Manzanni ya buɗe da wani zaɓe da ba a cika tsayawa a kansa ba. Yahuza Iskariyoti, ɗaya daga cikin manzannin Yesu 12 wanda ya ci amanarsa, ya mutu, gurbinsa na nan a buɗe, masu bin Yesu kimanin 120 suna tare a Urushalima, sai Bitrus ya miƙe ya faɗi sharaɗin wanda zai cike gurbin. Dole ne ya kasance cikin mutanen da suka yi ta tafiya tare da su tun daga baftismar Yahaya Mai Baftisma har ranar da aka ɗauke Yesu zuwa sama, domin ya zama mashaidin tashinsa daga matattu. Iyakar sharaɗin ke nan. Aka gabatar da mutum biyu, Yusufu da ake kira Barsaba, da Matiyas. Aka yi addu'a, aka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. Daga wannan aya sunansa bai sake fitowa ba a Sabon Alkawari kaf.

Na ɗauko wannan ne saboda a zamaninmu laƙabin manzo ya yi araha. Kana ganinsa a allunan talla da katunan gayyata da shafukan intanet a nahiyoyi daban-daban, wani lokaci har da ƙarin "babba" ko "na ƙasa da ƙasa". Ra'ayina shi ne, tarihin Kirista ya bar mana ma'aunin da za a auna duk mai wannan iƙirari, kuma ma'aunin ya fi tsanani fiye da yadda masu ɗaukar laƙabin da mabiyansu suke so su tuna.

A fara da su 12 ɗin, waɗanda Musulmi suka sani da Hawariyawa. Adadinsu yana nuni ne ga kabilun Isra'ila 12, shi ya sa aka ga lallai a cike gurbin Yahuza. Amma da Sarki Hirudus Agaribas ya kashe Yakubu ɗan Zabadi da takobi wajen shekara ta 44, ba mu ji an sake zama don zaɓen wani ba. Wanda ya ci amana ne aka maye gurbinsa. Wanda ya mutu a kan shaidarsa yana nan riƙe da matsayinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kujerun nan ba sarauta ba ce da ake gado. Abin da ke hannunsu shi ne abin da idonsu ya gani, kuma gani ya kori ji. A wannan fuska ma matan da suka fara isa kabarin Yesu suna da rabonsu: tun ƙarnukan baya ake kiran Maryamu Magadaliya "manzo ga manzanni", kuma a 2016 Paparoma Francis ya ɗaga darajar ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, zuwa idi irin na sauran manzanni.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda Bishara ba ta rufa musu asiri ba. Masunta ne huɗu daga cikinsu, ɗaya mai karɓar haraji ne wanda jama'arsa ke kallo a matsayin yaron Romawa, ɗaya kuma ana masa laƙabi da ɗan kishin ƙasa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare guda. Toma ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusa kafin ya yarda Yesu ya tashi. A Markus sura 10, suna kan hanyar Urushalima, Yesu ya gama faɗa musu cewa za a kama shi a kashe shi ke nan, sai Yakubu da Yahaya suka matso suna roƙon a zaunar da ɗaya a dama ɗaya a hagu idan ya shiga ɗaukakarsa. Sauran goman suka ji haushi, da alama don an riga su ne. Yesu ya tara su ya ce sarakunan al'ummai suna nuna wa mutanensu iko, amma ba haka zai zama a tsakaninku ba; mai son zama babba sai ya zama bara. Ikilisiyar da ta kwafi wannan labari da hannu, ƙarni bayan ƙarni, ba ta goge shi don kare mutuncin iyayenta ba. Kamata ya yi duk shugaban da ke hana a faɗi kuskurensa ya tsaya ya yi tunani a kan haka.

Sai Bulus, wanda lamarinsa ya ɗan rikita lissafin. Bai cika sharaɗin Bitrus ba, bai yi yawo da Yesu a Galili ba, hasali ma mai tsananta wa masu bi ne. Hujjarsa ita ce Almasihu ya bayyana gare shi a hanyar Dimashƙu ya aike shi ga al'ummai. Masu iƙirarin manzanci a yau suna yawan fakewa da shi, don haka ya dace a duba yadda ya kare kansa lokacin da aka ƙalubalance shi. A Korinti wasu baƙin malamai sun zo da wasiƙun yabo da baki mai daɗi, ana ta cewa wasiƙun Bulus na da nauyi amma in ka gan shi ido da ido rarrauna ne, maganarsa kuma ba ta da armashi. Amsar da ya ba su a Korantiyawa ta Biyu sura 11 lissafin tabon jikinsa ce: sau biyar ana masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku ana dukansa da sanduna, sau ɗaya an jefe shi da duwatsu, sau uku jirgi na fashewa da shi, ya kwana ya wuni a cikin teku. Ya rufe da labarin da ba wanda zai yi taƙama da shi, wato yadda aka zuro shi cikin kwando ta tagar garun Dimashƙu ya tsere. A surar nan dai ya tsawata wa Korantiyawa da cewa suna haƙuri da wanda ya bautar da su, ya cinye dukiyarsu, ya ɗaga musu kai, har ya mare su. Shekara kusan 2,000 ke nan da rubuta wannan, amma sai ka ce jiya aka rubuta.

Kuma manzannin kansu ba su fi ƙarfin gyara ba. Bulus ya ba da labari a wasiƙarsa ga Galatiyawa cewa ya tsaya wa Bitrus fuska da fuska a Antakiya, a gaban kowa, saboda Bitrus ya janye daga zama da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba. Batun ko dole ne a yi wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba kaciya ma, wanda ya kusa raba ikilisiya gida biyu, ba mutum ɗaya ne ya yanke shi da sunan wahayi ba. Zama aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49, manzanni da dattawa, aka yi muhawara mai tsawo kafin a rubuta wasiƙa.

Game da ƙarshen rayuwarsu, ya kamata a bambanta tarihi da abin da aka gada baki da baki. Kisan Yakubu ɗan Zabadi kaɗai Sabon Alkawari ya ba da labarinsa. Masanin tarihin Yahudawa Yusufus ya rubuta yadda aka jefe Yakubu ɗan'uwan Yesu a shekara ta 62. Wasiƙar da Kilemen, shugaban ikilisiya a Roma, ya aika Korinti wajen shekara ta 96 ta ambaci wahalar Bitrus da Bulus da ƙarshensu, kuma akasarin masana sun yarda a Roma aka kashe su zamanin Sarki Nero. Sauran kuwa al'adar ikilisiyoyi ce ke riƙe da su. Kiristocin Kerala a kudancin Indiya suna cewa Toma ya iso musu a shekara ta 52, Armeniyawa suna danganta kansu ga Tadawas da Bartalamawas, Kibɗawan Masar ga Markus, wanda ma ba ya cikin su 12, mahajjata kuma har yau suna takawa zuwa Santiyago a Sifaniya saboda Yakubu ɗan Zabadi. Ba na raina waɗannan al'adu, domin su suka riƙe jama'o'i da dama a lokutan tsanani. Sai dai girmama su bai tilasta mana mu kira su tabbataccen tarihi ba.

Da shaidun suka ƙare, tambaya ta zama: wa zai riƙe amanar? Kilemen ya ce manzanni sun naɗa shugabanni kuma sun bar umarnin yadda wasu za su gaje su. Wajen shekara ta 180 Iraniyus, bishof na Liyon a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, ya jera sunayen bishof-bishof na Roma tun daga Linus har zamaninsa. Abin lura shi ne dalilin da ya sa ya yi hakan. Akwai ƙungiyoyi da ke cewa Yesu ya bar wani ɓoyayyen ilimi ga zaɓaɓɓu kaɗan, Iraniyus kuwa yana cewa da akwai sirri, ai da waɗanda aka damƙa wa ikilisiyoyi ne za su fara saninsa. Jerin sunayen hujja ce cewa koyarwar a fili take, kowa na iya bin sawunta. Daga wannan tushe ne Katolika da Otodoks da Anglika suke riƙe da gadon manzanni ta hanyar ɗora hannu, ko da yake ba su yarda da juna gaba ɗaya ba. A 1896 Paparoma Leo na 13 ya ce naɗin Anglika ba shi da inganci. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16, wato Furotesta, kuma suka ce gadon gaskiya yana cikin koyarwar da manzanni suka bari a rubuce, littattafai 27 ɗin nan na Sabon Alkawari da bishof Atanasiyus na Iskandariya ya jera a wasiƙarsa ta 367. Duk da wannan saɓani, ɓangarorin biyu suna furta shaidar bangaskiya ta 381 da ta kira ikilisiya "ta manzanni", kuma dukansu suna nufin abu guda: ana auna mai koyarwa da abin da aka karɓa tun farko, shi ba shi da ikon sauya ma'aunin.

Yunƙurin dawo da muƙamin manzo ba sabon abu ba ne. A Ingila, wata ƙungiya da ta taso daga wa'azin Edward Irving ta kammala naɗa manzanni 12 a 1835, da tsammanin Almasihu zai dawo kafin su ƙare. Na ƙarshensu ya rasu a 1901, kuma da yake su kaɗai ke da ikon naɗi, ikilisiyar ta riƙa ƙanƙancewa sannu a hankali. A Amurka, malamin tauhidi Peter Wagner ya yaɗa ra'ayin cewa Allah yana maido da manzanni su shugabanci ikilisiya, har ya ce sabon zamanin manzanni ya fara a 2001.

Adalci ne a faɗi cewa masu wannan ra'ayi suna da abin riƙewa. An kira Barnaba manzo a Ayyukan Manzanni sura 14. A ƙarshen wasiƙar Romawa Bulus ya gai da Andaranikas da Yuniya yana danganta su da manzanni. Wasiƙar Afisawa ta sa manzanni cikin baye-bayen da Almasihu ya ba ikilisiya. Ke nan akwai ma'ana mai faɗi, ta wanda ikilisiya ta aika ya kai bishara inda ba ta kai ba, kuma ba ni da ja a kan wannan. Inda nake da ja shi ne idan mutum ya shigo ta wannan ƙofa mai faɗi, sannan ya nemi a ba shi biyayyar da ta dace da shaidun farko kaɗai: maganarsa ta zama kamar nassi, tambayarsa ta zama tawaye ga Allah, ba dattawan da suka aike shi, ba wanda yake komawa ya ba rahoto. Bulus da Barnaba ikilisiyar Antakiya ce ta ɗora musu hannu ta sallame su, da suka dawo kuma suka tara jama'a suka faɗi duk abin da ya faru.

Kiristocin farko sun san wannan matsala sarai. Akwai wani ɗan littafi da ake kira Didake, ko Koyarwar Manzanni 12, wanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya ɓace ƙarnuka, aka gano shi a wani ɗakin karatu a Santambul a 1873. Ya ce duk manzon da ya zo muku ku karɓe shi kamar Ubangiji. Amma kwana ɗaya zai yi, in da larura biyu. In ya kai uku, annabin ƙarya ne. In zai tafi kada ya ɗauki komai sai guzurin da zai kai shi masauki na gaba, in kuwa ya nemi kuɗi, annabin ƙarya ne. Ka dubi yadda karamci da taka-tsantsan suka zauna a layi ɗaya. Littafin Wahayi ma ya yaba wa ikilisiyar Afisa saboda ta gwada masu kiran kansu manzanni ta same su maƙaryata. Yabo ne aka yi musu a kan gwajin, ba a ce sun taɓa shafaffe na Allah ba.

Ba ina cewa mai wa'azi ya mutu da yunwa ba. Bulus da kansa ya ce mai shelar bishara yana da haƙƙin ya rayu da ita, ko da yake shi a Korinti ɗinkin tanti ya kama tare da Akila da Bilkisu don kada ya nauyaya wa kowa. Amma a duba yadda ya yi da kuɗin jama'a. Lokacin da ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya suka tara gudummawa don matalautan Urushalima, bai ce a miƙo masa shi kaɗai ba alhali shi ya kafa yawancin ikilisiyoyin. Ya ce wa Korantiyawa su zaɓi amintattunsu su kai, ya tura Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa ya raka kuɗin, ya kuma rubuta dalilinsa ɓaro-ɓaro: don kada wani ya sami abin zargi a kan yadda ake tafiyar da wannan kyauta mai yawa. Jama'ar da shugabansu ke ɗauke da laƙabin manzo a yau suna da cikakken haƙƙin neman irin wannan tsari daga gare shi, su san wa ya aike shi, wa yake sauraron rahotonsa, da kuma wa ikilisiya ta zaɓa ya ƙirga baikon tare da shi.