Na Maman Yara Ne, Na Ce

Tunda Tela ya riga ya kai labarin har ƙofar masallacin Juma'a, ya zuba masa gishiri da barkono, gara ku ji shi daga bakina.

Daren Laraba ne a teburin mai shayinmu. Yaran Hedimasta biyu ne suka tsokano ni, babban ya ce wai shi tsofaffin finafinan Indiya barci suke sa shi, ba komai ciki sai rawa a kan duwatsu, jinin ma da gani ka san jan fenti ne. Na ajiye kofi. Duk wanda ya san ni ya san in na ajiye kofi to magana ta zo.

Na ce yaro, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da fim a tafin hannu, me kuka sani? Mu mun bi layi a Plaza, mun taka da ƙafa har Orion da Eldorado. Silima ba rufi, sai duhu ya yi sosai a kunna, in hadari ya taso kowa ya shiga addu'ar Allah ya riƙe ruwan har a kashe bos. In fim ya tsinke a tsakiya duk gidan a miƙe ana yi wa mai haskawa ihu, shi kuwa bawan Allah yana can sama yana liƙe-liƙe. Ba mai fassara mana ko kalma ɗaya, amma mu fito muna ba da labarin tiryan-tiryan har da abin da jarumi ya raya a zuciyarsa. Mu muka raɗa wa Dharmendra Sarkin Ƙarfi, ba wanda ya koya mana. Na kawo musu Sholay. Na ce tun 1975 aka yi shi, sama da awa uku, amma an shekara da shekaru ana maimaita shi gidan yana cika. Ku nuna min mugu ɗaya a finafinanku da zai tsaya gaban Gabbar, mutumin da ya sare wa ɗan sanda hannuwa biyu. Kuma a fim ɗin nan muka ga abin da ba mu taɓa zato ba, Amitabh da kansa ya mutu. A ƙa'idarmu ta lokacin jarumi ba ya mutuwa. Ƙarti majiya ƙarfi suka fito daga silima ba mai kallon idon wani.

Na gangaro gida. Na ce ko na Hausar ma, daga Turmin Danya da 'yan Tumbin Giwa suka yi a Kano a 1990 har zuwa zamanin Sangaya, fim wahala ake sha a yi shi, wahala ake sha a kalle shi. Ka je shagon haya ka tarar wani ya riga ka, ka dawo gobe. Ka samu kaset ka sa, hoto ya yi ta rawa, ka buɗe bidiyon ka goge kanta da farar takarda. Ana tsakiyar kallo NEPA su ɗauke wuta, kaset ya maƙale a ciki, kuɗin haya na ta hawa kana ji kana gani, sai ka ɗauki bidiyon a ka zuwa unguwar da ke da wuta don kawai a tofo maka kaset ɗin mutane. Na ambaci marigayi Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, kowa ya ce Allah ya jiƙansa, har yaran. Na ce to shi kaɗai in ya leƙo fuska ya fi zango biyar na abin da kuke kallo.

Nan na shiga masu dogon zango, kuma ni kaina na san na yi kyau a wajen nan. Na ce fim a da yana da farko yana da ƙarshe, ka kalla ka tashi ka nemi abincinka. Yanzu tun da Arewa24 ta zo a 2014, masu sa su a YouTube kuma suka biyo baya, sai a ɗauko labarin da kaset ɗaya zai ishe shi a ja shi shekara uku. Alhaji zai shigo gida, sai an nuna maigadi ya taso, ya gyara hula, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, mota ta shiga, a kashe ta, a nuna takalmi ya taɓa ƙasa, kiɗa na tashi. Minti goma sun tafi ba a ce uffan ba. A ƙarshe wata ta turo ƙofa ta zaro ido, sai a rubuta mu haɗu mako mai zuwa. Na ce wannan abincin mata ne da marasa aikin yi, ni ko kyauta aka ba ni ba zan ɓata cajin wayata ba.

Mai shayi har ya tsaya da juya ƙwai yana gyaɗa kai. Hedimasta ya ce magana ta yi. Na tsoma burodi a shayi, na ɗago shi.

Daidai nan yaron nan mai tura finafinai ya iso. Kun san shi, na kes ɗin cajin waya da ke kusa da famfo, wanda kullum abin sauraro ke toshe a kunnensa, shi ya sa in zai yi magana sai ya ɗaga murya har ta kai bakin titi. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Hedimasta, yaro mai ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Sai ya juyo.

"Baba, tun la'asar nake nemanka. Kashi na sha ɗaya ya sauka. Kawo wayar."

Burodin na hannuna, shayi na ɗiga daga jikinsa. Abin da ya fara zo min shi ne in waiwaya, don Alhaji mai taya na zaune a bayana kaɗan. Na waiwaya a hankali, na dube shi da irin kallon nan na ai da kai ake. Alhaji ya dube ni, ya dubi yaron, ya ci gaba da jan carbinsa. Yaron ya ce, "A'a Baba, kai fa."

Na ce, "Au, na Maman yara. To, to. Ka bari da safe na aiko."

Ku duba fa, ƙofa ce na buɗe masa a fili. Yaro mai wayo da sai ya ce to Baba, ya wuce. Wannan kuwa ya zare abin kunnensa guda, wai don ya fahimce ni da kyau, amma muryar ba ta ragu ba.

"A'a, na Mama daban. Ita ai Indiya-Hausa take karɓa, na tura mata jiya. Wannan naka ne, wanda ka ce in ya fito ko ƙarfe nawa ne in buga maka waya. Na buga ba ta shiga."

Ba wanda ya yi dariya tukuna, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Ina jin ƙarar risho. Ina jin cokalin mai shayi ya daina motsi. Ƙaramin ɗan Hedimasta ya sa haɓar rigarsa a baki ya cije. Burodin da na tsoma ya gaji da jira, ya yanke daga tsakiya ya faɗa cikin kofin, shayi ya fantsamo min a gaban farar shadda. Ban ko duba ba. Na ce a raina in na yi shiru zai gama ya tafi.

Bai gama ba. Ya matso, fuskarsa cike da murna, irin ta wanda ya kawo albishir yana jiran goro.

"Kuma Baba wallahi kai malami ne. Abin da ka faɗa shi ya faru. Ashe direban ne ya sace takardun gidan."

To a nan ne abin ya lalace, kuma ina so a rubuta cewa ba daga ni ya fara ba. Alhaji mai taya, mutumin da tun da aka fara musun bai ce ƙala ba, mutumin da ya je Makka har ba a ƙirgawa, sai ga shi ya saki carbi ya miƙe zaune. Ya ce, "Direban? Kai, ba dai direban ba! To ita Hajiyar fa da aka kulle?"

Ni kuma bakina, ban aike shi ba, ban ba shi izini ba, sai ji na yi ya ce, "Haba Alhaji, ai tun kashi na bakwai aka nuna shi yana waya a bayan gareji."

Kamar an ɓalle bakin famfo. Mai shayi ya zauna a kan buhun sukari yana riƙe ciki. Yaran Hedimasta ɗaya ya kwanta a benci, ɗaya ya ruga bakin kwata yana tari. Hedimasta, da ya so ya riƙe girmansa, ya cire tabarau yana goge ido yana cewa subhanallahi, subhanallahi. Wani mai babur da ba a san shi ba ma, da ya tsaya sayen ƙwai, sai da ya kashe mashin don ya yi dariyarsa a nutse. Yaron kuma na tsaye yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya bai san me ya yi ba, har ya ƙara da cewa, a hankali a ganinsa, "Da ragowar ɗari biyar ɗin nan, Baba, in da hali."

Na yi bayani. Na ce mutum ba ya sukan abin da bai sani ba, dole ka bibiyi abu kafin ka yanke masa hukunci, ko alƙali sai ya saurari ɓangare biyu. Har yanzu ina kan wannan maganar, kuma hujja ce mai ƙarfi, sai dai ba wanda ya ji ta saboda Tela.

Tela. Duk cikin mutanen nan shi kaɗai ne bai yi dariya da ƙarfi ba. Ya bari sai da aka lafa, ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce da Hedimasta, "Malam, ina da tambaya ta addini. Mutumin da ya rantse bai taɓa kallon abu ba, alhali yana kashi na goma, mene ne hukuncinsa?" Ban rantse ba. Allah ya tsare ni, ko kyauta na ce, ban ce wallahi ba, akwai shaidu. Amma Tela ya dage ya ji da kunnensa, wai kaffara ta hau ni, in ciyar da miskinai goma, kuma shi ya yarda a sa sunansa a farko, sauran tara zai nemo min a cikin yaran shagonsa. Ya ce in ba hali in yi azumi uku, amma kada in sha ruwa da kashi na sha ɗaya.

Wai Tela ne zai yi min wannan. Mutumin da tun zamanin kaset ya ari Disco Dancer ɗina, wanda na saya da kuɗina ba haya ba, bidiyonsa ta tauna shi, ya dawo min da shi a leda zaren a waje ya ce haka ya gan shi. Har yau bai ce min yi haƙuri ba. Mutumin da daga safe har dare Indiya-Hausa ke tashi a shagonsa, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan waya, shi ya sa rigar da ya ɗinka min ta ƙaramar salla hannun dama ya fi na hagu tsawo. Da na mayar masa cewa ya yi kafaɗata ce ta karkace. Kuma yadina mai ruwan toka yana wajensa tun kafin azumi, kullum in na je sai ya ce saura aiki a wuya. Ni na san inda wuyan yake, yana ƙarƙashin tulin kayan mutane, bai ko yanka ba. Irin wannan mutumin ne yau ya zama mai fatawa. Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci wani dattijo da ban taɓa magana da shi ba ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, ashe direban ne?"

A gida ma ban tsira ba, don labarin ya riga ni isa. Ina shiga Maman yara ta ajiye min tuwo ba ta ce komai ba, sai da na kai loma ta biyu ta ce, "Malam, an ce ka ce nawa ne. To tunda nawa ne a ba ni wayar in kalli abina." Na ce caji ya ƙare. Ta ce ai ta ga ina ta tattalinsa.

Maganata dai tana nan inda take, na da sun fi. Abin da waɗannan na yanzu suka iya guda ɗaya ne, sun san daidai inda za su yanke maka, su bar ka da tambaya mako guda cur, kuma wannan dabara ce ta kasuwa, ba gwaninta ba. Gabbar bai taɓa sa ni jiran mako ba. Na faɗa wa yaran Hedimasta haka, har suka yarda za su zauna su kalli Sholay daga farko. Na sa aka tura musu, ta hannun ɗana, don ni na daina bi ta wajen famfo. Jiya babban ya ce min sun gama. Na ce duka awa ukun? Ya ce eh to, sun riƙa tsallake waƙoƙin da wuraren surutu, cikin minti arba'in suka kai ƙarshe, kuma ba laifi, mai babur ɗin nan yana da kirki.

Alhaji mai taya kuma yanzu gaisuwa daga nesa muke yi. Shi ba wanda ya tsokane shi, ko sau ɗaya, ban san dalili ba.