Ku Daina Kiran 'Ya'yanku Daƙiƙai

Jiya da la'asar a Tudun Wada, nan Gusau, na ga abin da ya tsaya mini a rai. Yaro ne da bai wuce shekara 6 ba, an aike shi sayen man ja. Ya yi tuntuɓe a bakin kwata, kwalbar ta fashe, gwiwarsa tana jini. Ubansa, matashi sa'ana, yana kan benci yana danna waya. Ko kallon gwiwar bai yi ba. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Jakin banza, daƙiƙi, kai dai ba za ka yi albarka ba!" Yaron bai yi kuka ba. Durƙusawa ya yi yana kwalfar man da tafin hannu daga cikin ƙasa, jikinsa na rawa.

'Yan uwana da muka fara tara iyali, wallahi bakinmu yana kashe yaran nan. Man naira nawa ne? Daƙiƙi idan ya kasa hadda, shashasha idan ya ɓatar da canji, ɗan iska idan ya yi fitsarin kwance. Safe da yamma, kamar wuridi. Magana zarar bunu ce, kuma zuciyar yaro ɗanyen siminti ce, sawun da ya hau kanta yau yana nan har furfura.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano haka. Erik Erikson, haifaffen Jamus, a 1950 ya kasa rayuwar mutum mataki 8, daga goyo zuwa tsufa. Ya nuna cewa tsakanin shekara 6 zuwa 12 yaro gwada kansa yake yi: na iya ko ban iya ba? Amsar daga bakin manya yake karɓarta. In kullum daƙiƙi yake ji, sai ya yarda, ya daina ƙoƙari. Idan ya balaga ya fara neman sanin shi wane ne, sunan da ka laƙaba masa shi zai ɗauka. Sannan ka zo majalisa kana kuka wai yaro ya bi 'yan shaye-shaye. Su ai "oga" suka kira shi, kai kuwa jaki.

Zagin ma gadonsa ake yi. A 1961 Albert Bandura na jami'ar Stanford a Amurka ya sa yara suka kalli babba yana dukan 'yar tsana yana faɗa mata baƙar magana. Da aka bar su da ita, dukan da maganar duk suka kwaikwaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka tsaya ƙofar makarantar allo an tashi, ka ji ashar daga bakin ɗan shekara 4. A ina ya koya? Iyaye mata ma kada ku ce ban da ku, wata tana TikTok tana ɗura wa ɗiyarta tsinuwa don ta katse mata kallo.

Anas bin Malik shekara 10 yana hidimar Manzon Allah (SAW), bai taɓa ce masa ko "uf" ba. Kuma an hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki, kada ya dace da sa'ar karɓa. Mun san wannan, mun ji a wa'azi, amma mun ƙi. A tsawatar mana, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai tanƙwarawa daban, karyawa daban. Mu ji tsoron Allah, mu kama bakinmu.

Da can, uwa ko sunan ɗan fari ba ta faɗa saboda alkunya, balle ta zage shi a bainar jama'a. Kakata ko a fusace take, "Allah ya shirye ka" ne iyakar zaginta. Kuma dattijon unguwa kan iya tsawata wa uba a kan ɗansa, uban ya sunkuyar da kai. Jiya mu wajen bakwai ne a gurin, har da masu furfura. Mai shayi ne kaɗai ya tashi ya wanke wa yaron gwiwa da ruwan buta.