Masu kallo ma suna da ta cewa

Na karanta wani rahoto kan yadda masoya fina-finai ke fitar da nasu jerin sunayen waɗanda suka cancanci lambar yabo ta shekara, kuma ina goyon bayansu ƙwarai, domin mai kallo ne ke sayen data ya zauna da fim har ƙarshensa. Damuwata ita ce yawancin jerin ba sa wuce gwarzon jarumi da jaruma, alhali marubucin labari da mai ɗaukar hoto da mai tace fim (wato edita) su ne ke ɗauke da nauyin aikin. A nan Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta ta koyon sana'ar fim suke, mun san irin wahalar da waɗannan bayin Allah ke sha. Ko gasar AMVCA ta karrama fina-finan Afirka, wadda aka fara a 2013, ta bar wa masu kallo ƙuri'a a wasu rukunoni ne kawai, sauran kuwa alƙalai masana ke yanke hukunci. Ina roƙon masu haɗa jerin nan su riƙa karanta sunayen ma'aikatan da ake jerowa a ƙarshen fim kafin su yi zaɓe, musamman a fina-finai masu dogon zango.