Ƙannena masu wankin mota, ku dubi abin da ke hannunku

Assalamu alaikum ƙannena. Maganata ta yau da ku ce, ku da kuke tsaye bakin titi da bokiti da jarkoki tun da sanyin safiya, da ku samarin da Allah ya hore wa mota kuna wanke abarku a ƙofar gida ran Asabar. Na yi wannan sana'a shekaru kafin in koma tuƙi, na san sanyin ruwan hunturu a yatsu, na san ciwon baya. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da kuke riƙewa in kun tunkari jikin mota: guntun soson katifa, tsohuwar riga, tawul ɗin da ya gama aiki a banɗaki, wani ma soson raga na wanka. Da shi ake dirje motar miliyoyi, a karɓi kuɗi, mai mota ya tafi yana murna, bai san an rage wa fentinsa kwana ba.

Ni ma na yi, kuma har yau ina jin nauyin abin. Akwai wani dattijo da yake kawo mini baƙar motarsa duk Juma'a kafin masallaci. Ina wanke ta da zuciya ɗaya, da soso guda, tun daga rufi har taya. Bayan 'yan watanni, wata rana da tsakar rana ya kira ni, ya ce in sunkuya in dubi bonet daidai inda hasken rana ya faɗa. Sai ga zane-zane sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaro, amana na ba ka." Daga ranar ban sake ganin motarsa ba.

Sai daga baya na fahimci abin da na aikata, wurin wani mai fenti da ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na share fage a jikin ƙarfe, akwai launin kansa, sannan a sama akwai wani ruwa garai mara launi, shi ne mai sheƙin da kake ganin fuskarka a ciki. Wannan na saman kaurinsa bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba a yawancin motoci, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin kanka ya kai wajen 70. Ka ji, gashi ɗaya ya fi shi kauri. Kuma ba fata ba ce da za ta warke. Abin da ka ƙarce ya ƙartu, in an kai ta a buga mata folish ma, ƙara kankare wannan ɗan siririn ake yi har ya yi daidai da zurfin zanen. A yi sau ɗaya, a yi sau biyu, wata rana a wayi gari babu abin kankarewa, sai fenti ya dushe ya fara ɓarewa kamar fatar maciji.

To mene ne yake ƙartar? Yawancinmu muna zaton ai soso abu ne mai laushi, me zai yi wa ƙarfe. Ba soson ba ne, ƙurar da ke kwance a jikin motar ce. Ƙurar ƙasarmu yashi ne da ya niƙe, kuma ƙwayar yashi ta fi gilashi tauri: a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yashi yana kan 7, gilashi bai wuce 5.5 ba, ballantana fenti. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso mana hazo daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta zube shi a kan kowace mota daga Maiduguri har Sakkwato. Ka wanke da safe, kafin la'asar yara sun samu allon rubuta sunayensu. Damina kuma ta zo da jar laka. Shi soson katifa fuskarsa a shafe take, ba shi da inda zai ɓoye ƙwayar yashi. In ka ɗora shi a kan ƙofa ka danna, yashin yana tsakanin soso da fenti, kai kuma kana ja. Sanfefa ke nan ka haɗa da hannunka, ba ka sani ba. Tsumma da tsohuwar riga sun fi muni, domin su ko kumfa ba sa riƙewa.

Wannan ne dalilin da ya sa aka yi safar wanki, wadda ake zura hannu a ciki. Duk hikimarta a gashinta take. Gashin yana da tsawo da yawa, in ya ci karo da ƙwayar yashi sai ya haɗiye ta zuwa can ciki, nesa da fenti, ya kuma riƙe ruwan kumfa mai yawa da zai sa hannu ya riƙa sulɓi. Ga shi ba ta suɓucewa ta faɗi ƙasa kamar soso, tunda a hannunka take sanye.

Iri uku za ku fi cin karo da su. Akwai ta zaren maikurofaiba, wato zaren roba mai tsananin siranta, mai tsiro-tsiro kamar taliya, ita ce ta fi yawa a kasuwa, kuma ita nake ba mai sana'a shawarar ya fara da ita. Tana shan ruwa sosai, tana jure wanki kullum, in ka girgiza ta a ruwa tana sakin datti. Akwai ta maikurofaiba mai gashi lif-lif kamar bargo, ta fi ta farko taushi, ta dace da baƙar mota da sabon fenti, amma tana riƙe yashi a ciki, sai an dage wajen ɗauraye ta. Sai ta ulun tunkiya, wadda ba a kai ta laushi, sai dai tana da tsada da son lallashi: in ka bar ta a jiƙe cikin bokiti fatar cikinta za ta ruɓe, gashin ya fara zuba. Kada wani ya ce ai ga buzu a gida, bari in yanka in ɗinka. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, gashi gare su mai kaushi ba ulu ba. Waccan daga tumakin merino ake yin ta, irin na Ostareliya.

In ka shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko shagon kayan mota na unguwarku, kada kyawun leda ya ruɗe ka. Araha ba ta ado. Ka roƙi mai shago ya bar ka ka zura hannu. Ka shafa ta a bayan hannunka ko kumatunka. In ka ji kaushi, fenti ma zai ji. Ka buɗa gashin da yatsu ka ga ko a cike yake, in kana hango yadin ƙasa cikin sauƙi to an yi rowar zare. Ka ɗan ja tsiro ɗaya, in ya biyo hannunka ajiye ta. Ka duba ɗinkin gefe da bakin wuyan hannu, kada a samu zare mai tauri ko wata takarda da aka liƙa a waje, in akwai takardar ka yanke ta kafin ka fara aiki. A jikin leda sukan rubuta haɗin zaren, 80/20 ko 70/30, wato kason foliyesta da na nailan. Mai 70/30 takan fi taushi da shan ruwa. Launi kuma ka zaɓi mai haske, fari ko ruwan ɗorawa, don ka riƙa ganin dattin da ta kwasa. Baƙar safa tana ɓoye maka abin da ya kamata ka gani. In ka isa gida kuma kana da tsohon faifan CD, goga ta a bayansa ka ɗaga a rana. In ta zana faifan, ba ta jikin mota ba ce, mayar da ita ta taya.

Tunda na ambaci taya: safa ɗaya ba ta isa, kuma a nan ne na fi ganin ganganci. Baƙar ƙurar da ke manne a wili garin ƙarfe ne daga birki. Yaro ya wanke wili da soso, ya tsoma a bokiti, ya ɗaga ya ɗora a kan bonet. Wallahi in na gani sai in ji kamar a jikina ake gogawa. Ka ware wa taya da wili nasu abin wankin da bokitinsu, kada su taɓa haɗuwa da na fenti. In da hali ka ƙara ta uku don ƙasan ƙofofi da bamba, inda laka take taruwa. Ka bambanta launinsu yadda ko yaron da kake koya wa aiki ba zai rikice ba.

Na san abin da za ku ce: Yaya, ruwan nan saya muke wurin 'yan garuwa, kuɗin wankin nawa ne gaba ɗaya. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Amma ku lissafa da kyau. Kuɗin safa uku bai kama ƙafar kuɗin fesa wa ƙofa ɗaya fenti ba, kuma kwastoma ɗaya mai lura da ya gudu ya fi ƙarfin jarka ɗari. Masu manyan motoci suna magana da junansu, suna nuna wa juna wurin da ake wanki ba a zana mota. Ban da wannan ma, mutum ya miƙa maka makulli ya juya baya. Ɓarnar da ba zai gani ba sai bayan wata shida, Allah ya gani tun ranar. Kuɗin halak muke nema, mu tsarkake shi.

Safa mai kyau a hannun mai gaggawa ma ɓarna take yi, don haka ku riƙe wannan. Kada safa ta taɓa busasshiyar mota. A fara watsa ruwa daga sama har ƙasa, ya tafi da yawancin ƙurar. Bokiti biyu: ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Ka wanke ɓangare ɗaya, ka ɗauraye safar a ruwa zallan kana murza gashin da ɗaya hannun, ka matse, sannan ka koma kumfa. Kada ka kai ta gindin bokiti, can yashin yake kwanciya. In ka ƙare ka dubi ruwan ɗaurayar, da ba ka ɗauraye ba, duk wannan jan dattin kan fenti zai koma. Ka fara daga rufi ka gangaro, kana jan hannu a miƙe, ba zagaye-zagaye ba, kuma ban da dannawa. Nauyin safar da ta sha ruwa ya isa. Ku nemi inuwa, domin rana tana busar da kumfa a jikin ƙarfe mai zafi ta bar tabo. Garin omo kuma na tufafi ne, yana wanke man sheƙin da aka shafa wa fenti, ga ƙwayoyinsa da ba su narke ba. Ku sayi sabulun ruwa na mota, murfi ɗaya ko biyu yana isar bokiti.

In safa ta faɗi ƙasa, ko da sau ɗaya ne, kada ka karkaɗe ka ci gaba. Ajiye ta gefe ka ɗauki wata, sai an wanke ta tas. Da yamma in an tashi, wanke su da sabulun ruwa kaɗan, ta taya daban, ta jiki daban, da ruwan sanyi ko mai ɗumi-ɗumi, don tafasasshen ruwa yana ƙanƙance zaren ya yi tauri. Kada a haɗa su da kayan auduga, suna kwasar burbushinsa, kada kuma a zuba musu ruwan tausasa tufafi, yana toshe zaren ya daina shan ruwa. A rataye su a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a kan katanga ko reshen bishiya a bakin titi ba, inda ƙura za ta sake cika su kafin gari ya waye. In sun bushe a sa su a leda ko bokiti mai murfi. Ranar da ka ga gashin ya dunƙule ya ƙi warwarewa, ko ka shafa a kumatu ka ji ya fara kaushi, ka sauke ta zuwa aikin taya, ka sayo wa fenti sabuwa.