Daga Guangzhou zuwa Yiwu: waya a mace, ciki a cike

Duk wanda zai tashi daga Guangzhou zuwa Yiwu sarin kaya, ya duba bayan fawa bankinsa kafin ya duba tikiti. Tun 28 ga Yunin 2025 hukumar jiragen saman Sin ta hana shiga jirgin cikin gida da wanda ba shi da tambarin CCC, wato shaidar ingancin kaya ta gwamnatin ƙasar. Nawa mai 20,000mAh ne, wajen 74Wh ke nan, bai kai 100Wh ba, iyakar ƙarfin batirin da ake shiga jirgi da shi kai tsaye, kuma ƙirar Sin ne da na saya a Kano. Jami'ar bincike ta juya shi gaba da baya, ba tambari. Ta yi mini murmushi, ta jefa shi cikin kwandon da ya riga ya cika da 'yan'uwansa. Bawan Allah ya tsallako teku ya dawo ƙasar haihuwarsa, aka ce ba shi da takardu.

Sai kwalbar turarena. Abin shafawa mai ruwa ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu, tawa kuwa ta ninka haka. Na koma da gudu na sa ta cikin kayan awo, domin ana rufe wurin awon kaya kusan minti 40 kafin tashi. Ashana da leta kam ko a babban akwati ba a yarda da su.

Muka shiga, aka rufe ƙofa, jirgi ya ƙi motsi. Tafiyar wajen awa biyu ce, amma mafi yawan sararin samaniyar ƙasar yana hannun soja, hanyoyin jiragen fasinja kaɗan ne, kowa sai ya jira layinsa. Tafintana, wani ɗalibi ɗan Damagaram, ya hango ma'aikata sun turo keken abinci muna ƙasa, ya ce, "Alhaji, kwance takalminka. In aka ciyar da mu kafin a tashi, zama ya kama mu."

Abincin halal sai an nema tun wajen sayen tikiti, aƙalla awa 24 kafin tafiya, da lambar MOML. Ba a nema mini ba, don haka burodi na ci. Na roƙi ruwa, aka miƙo mini da hannu biyu cikin ladabi, yana tururi. A can ruwan zafi magani ne, mai sanyi kuma ana ganin yana ɓata ciki.

A Yiwu mai masaukina, wani mai masana'antar makullai, ya tarye mu da kansa, ya kai mu gidan abincin Musulmi. Teburi zagayayye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya. Ya ɗaga kofi, aka gaya masa ba na shan giya, nan take ya ce shayi ya wadatar. In an zuba maka shayi, ka ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, godiya ke nan. Ni da na ji daɗin abin sai na yi ta ƙwanƙwasawa, shi kuma ya yi ta zubawa.

Mu an raine mu a kan cewa barin abinci a kwano almubazzaranci ne. Shi kuwa in ya ga faranti a share, yana nufin bai ƙosar da baƙonsa ba. Na share, ya ƙara. Na sake sharewa, ya kira wani kwanon naman rago. Muka yi ta yi kamar 'yan kokawar da alƙali ya tafi salla ya manta da su.

Da ƙyar tafinta ya raɗa mini, "Alhaji, don Allah bar loma biyu, mu samu mu tashi."

Muna fita mutumin ya ciro wayarsa zai haɗa ni da shi a manhajar hira ta WeChat, ya tarar tawa ta mutu. Ya tura yaronsa mota, aka kawo mini kyautar sabon fawa banki a kwali, ya miƙo da hannu biyu. Irin na fitarwa waje ne, in ji shi, mai ƙarko ƙwarai. Jirgin komawata Guangzhou kuma na safe ne.