Maganin sikila ne ya cancanci zuwa farko

Ku masu jera nasarorin kimiyya na 2023, kun ɗora allurar rage ƙiba a sama, kuka taɓo Casgevy, sabon maganin sikila, a layi biyu kuka wuce. Ban yarda ba. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamba, Amurka a Disamba, kuma shi ne na farko da ya samu amincewa cikin magungunan da aka yi da CRISPR, fasahar gyara ƙwayoyin gado. Ana ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin mai sikila, a gyara su don su koma yin irin jinin da jariri ke yi a cikin uwa, sannan a mayar masa. Duk wanda ya taɓa kwana yana gasa wa yaro ƙafa da ruwan ɗumi cikin hunturu, ido ya yi rawaya, yana kukan ciwon ƙashi, ya san girman wannan abu. Amma duk mai cewa an gama da sikila, ya sassauta. Kuɗinsa dala miliyan 2.2 a Amurka, kuma sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila. Yaushe zai iso Kano, alhali iyaye da yawa hydroxyurea, maganin sha mai rage tashin sikila, ma yana gagararsu duk wata?