Ba aljihu sojanmu ya rasa ba, nauyi ne ya yi masa yawa

Ranar Asabar na bi wani ƙanena kasuwar Katangowa neman jakar makaranta. A cikin tulin gwanjo ya zaƙulo wata jakar goyo mai ruwan ƙasa, an jera mata madaurai a kwance layi-layi kamar kunyoyin gona. Ya ce, "Yaya, waɗannan na ado ne?" Mai kayan, wani dattijo ɗan Agege, ya riga ni amsawa: "Yaro, wannan ai ɗinkin soja ne, aljihu ake saƙawa a jiki."

Dattijon bai yi kuskure ba. Tsarin da sojan Amurka ya fito da shi ne a 1997, ana kiransa MOLLE. Kowane madauri faɗinsa santimita 2.5 ne, tsakaninsa da na ƙasansa ma haka, kuma an ɗinke shi a jikin jaka duk bayan santimita 3.8. Aljihun da za a liƙa yana da nasa madaurin a baya. Sai a riƙa cusa shi, ɗaya a jikin jaka ko rigar soja ɗaya a jikin aljihun, kamar saƙar tabarma, a ƙarshe a danna maɓalli. Idan saƙar ta yi kyau, ko gudu ake aljihun ba ya lilo. Mai jinya ya jera nasa yadda hannunsa zai kai ga bandeji, mai babbar bindiga ya jera nasa daban, bahago ma ya mayar da komai ɓangarensa.

Kafin a zo nan an sha wuya. Ingila ta bar ɗamarar fata ta koma ta saƙaƙƙen zaren auduga a 1908, ta sake fasali a 1937, kuma da wannan ta shiga yaƙin duniya na biyu. Auduga kuwa ta san ruwa: tana sha, ta yi nauyi, ta yi tsami, daga baya ta ruɓe. Amurkawa sun ɗanɗana haka a dazukan Biyetnam, shi ya sa suka koma nailan, har suka amince da tsarin ALICE a 1973. Shi kuma da ƙugiyoyin ƙarfe ake maƙala aljihunansa a ɗamara, su soki ƙugu, wani lokaci su ɓalle a rasa butar ruwa. MOLLE ɗin ma farkonsa bai tsira ba, don firam ɗin robar jakarsa ya riƙa karyewa sai da aka sake shi.

Mu a Legas wannan tarihin yana rubuce a ƙofar barikokinmu, sai dai ba mu cika karantawa ba. Dodan a Ikoyi, Arakan a Apapa, Myohaung a Yaba, duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama ta Asiya (Myanmar ta yanzu) inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa a yaƙin duniya na biyu. Abin da ya bambanta waɗannan rundunoni shi ne dubban 'yan dako da ke cikinsu, sojoji ne masu albashi, aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka. Da gammo suka ratsa tsaunukan Kaladan inda mota ba ta shiga. Wato tun a lokacin an gane cewa mai harbi ba zai zama jakin kansa ba, dole wani ya rage masa.

A nan nake ganin sabon tsarin ya zo da nasa tarkon. Duk madaurin da ke wofi kira yake a rataya masa wani abu. Yau rediyon oba-oba, gobe batiransa, jibi na'urar gani da dare, ga farantan rigar sulke gaba da baya, ga ruwa. Tsohuwar ƙa'idar da masana harkar soja ke ambata ita ce kada kayan mayaƙi su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa. Amma sojojin ƙasa na Amurka a Afganistan sun riƙa hawan duwatsu da sama da kilo 40. Jarka biyu ke nan cike da ruwa. Mai ruwan unguwarmu ma a kura yake turo su, kuma a kan kwalta. Gwiwa da ƙashin baya ne suka biya kuɗin, da yawa sun bar aiki da ciwon da ba harsashi ya jawo ba.

Za a ce ai kowane abu a ciki ran mutum yake karewa, wa zai ce a ajiye farantin sulke? Gaskiya ne, ni ma ba zan ce ba. Amma wanda ya gaji ba ya saiti, ba ya tsallake kwalbati, ba ya jan abokinsa da ya faɗi. Kuma mu zafi ne da mu. Rigar da aka zana don sanyin Turai, a sa wa kurtu ita a Maiduguri cikin watan Afrilu, ko cikin gumin fadamun Ikorodu, ta zama tanda.

Don haka idan za a sayo wa sojanmu kaya, kada a tsaya ƙirga aljihu. A ɗora shi a sikeli da cikakken kayansa, a rubuta lambar, kwamanda ya sa hannu kan abin da za a bari a mota kafin kowace fita. Sannan ɗinkin nan ba sihiri ba ne, ma'auninsa a fili yake. Muna da kamfanin ƙera kayan yaƙi na DICON a Kaduna tun 1964, muna da teloli a Aba da Kano da Mushin. Abin da za a matsa musu a kai shi ne ingancin nailan da zare da maɓalli, da raga mai shan iska a baya, a kuma gwada a jikin sojojin da za su sa, mata da maza, kafin a ba da kwangila.

Ƙanen nawa dai ya sayi jakar. Kafin mu kai tashar mota ya riga ya rataya mata gorar ruwa da makullai, yana tambayar inda ake sayar da ƙaramin aljihun waya.